Bulon da Ya Bi Layin Wuse

Ku da kuke hawa tulin yashinmu kullum bayan an tashi daga makaranta, kuna cin gyaɗa kuna zubar mana da ɓawo a ciki, na ji abin da kuke faɗa. Wai gini ba komai ba ne, ka ɗora bulo a kan bulo ka shafa kwaɓi, shi ke nan. To ku matso ku ji daga bakin tsohon hannu. Ni Sabi'u, shekarata goma sha bakwai, uku da rabi daga ciki a birkilanci na yi su. In da nauyin abin da mutum ya ɗauka a ka ake auna shekaru, na girmi kakanninku. Kafin in shiga sana'ar nan ina da wuya kamar kowa. Yanzu kaina a kan kafaɗa yake zaune kai tsaye.

Kawuna ne ya kai ni wurin Baba Audu Birkila, mako guda bayan na kwaikwayi tafiyar hedimasta a gaban aji, ban san yana bayana yana kallon yadda yake tafiya ba. Baba Audu gajeren mutum ne daga Zariya, maganar da yake yi a mako ba ta kai wadda nake yi kafin karin kumallo ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ɗauko kwanon sarki ya kifa mini a ka kamar hula. Ya ce ya yi mini daidai. Iyakar jarrabawar shiga ke nan.

Kwanon sarki, ga wanda bai sani ba, faffaɗan kwanon ƙarfe ne da ake ɗaukar yashi da kwaɓi. Ban san sarkin da aka raɗa wa sunan ba, amma na rantse bai taɓa ɗaukarsa ba. Bayan shi sai shebur da diga, su ma na masu ƙarfi ne marasa daraja. Kayan masu daraja suna cikin jakar Baba: tef na awo, igiya, sukwaya ta duba kusurwa, filam mai ɗigon ruwa a ciki wanda ke tona asirin bango in ya karkace, sai kuma cokalin gini. Cokalin Baba ya sha aiki har bakinsa ya zagaye ya yi siriri kamar ganyen mangwaro, mariƙinsa ya yi santsi ya ɗauki siffar hannu. A wurin Baba, yaro ba ya sayen cokali a kasuwa ya zo da shi. Sai ranar da ka auna filin gini kai kaɗai, ka fitar da kusurwa huɗu, Baba ya duba bai sami abin cewa ba, sannan ya ba ka nasa ya sayi sabo. Daga ranar ka sauke kwano, ka zama birkila. Mutum biyar ya yi wa haka a rayuwarsa. Ni tun watana biyu na fara share wa cokalin wuri a ƙarƙashin matashina.

Aikin farko da na yi ɗakunan haya ne a Magajiya, a gidan wani alhaji mai sayar da katifa. Tun da gwamnati ta tare a Abuja, duk wanda yake aiki can, a nan Suleja yake kwana, don haka duk mai fili ya zama mai gidan haya. Alhajin ba ya amfani da tef. Katifa yake kawowa ya shimfiɗa a ƙasa, in ta shiga, ɗaki ya samu. Muna daidai linta, wato saman ƙofa da taga, wani ma'aikaci daga Kano ya iso da akwatinsa da risho, ya ce shi an gaya masa ɗakin ya kusa. Ya zauna a ciki muna gini a kansa. Da muka zo filasta sai da muka roƙe shi ya ɗage ƙafa.

A irin waɗannan ayyuka na koyi awo, ina riƙe wa Baba bakin tef. Ka auna ƙafa uku ta wannan gefe, ƙafa huɗu ta wancan, in tsakaninsu ya ba ka biyar cif, kusurwarka ta tsaya. In ka gama kusurwa huɗun, ka ja tef a gicciye daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka ja ɗaya gicciyen, dole su zo ɗaya. Baba kuma yana da doka guda da ya fi maimaitawa, wato ya faɗe ta kusan sau uku a shekara: ba a haƙa rami da awon jiya. Ko da magariba ka gama, da safe sai ka sake jan tef kafin diga ta taɓa ƙasa. Ni a raina na ɗauka tsufa ne kawai. Ƙasa ce fa, ina za ta je?

Sai muguwar shekara ta zo. Mai ya ɓace a gidajen mai, siminti ya yi tsadar da masu gini suka koma kallonsa daga nesa kamar amaryar wani. Gine-gine suka tsaya a daidai taga, ciyawa ta fito a cikinsu. Muka koma gyaran bakin rijiya da toshe ramin ɓera. Akwai makon da babban aikinmu shi ne murhun mai ƙosai, kuma mu huɗu muka je, Baba har da filam.

Ana cikin haka ƙaramar hukuma ta yanke shawarar gina ofishin tsaro da kula da lodi a tashar motar da ke kusa da mu. Satar jaka ta yi yawa, direbobi suna dambe a kan layi, wasu kuma suna kwasar fasinja su fice ba tare da an san motar wa ce ba. Kafin a kai ga yanke shawarar sai da aka yi zama uku. Wasu kansiloli suna son ofishin a can ƙuryar tasha inda fili yake. Masu gadi suka ce daga ƙurya ɓarawo sai dai ya ɗaga musu hannu in zai fita. Masu sayar da abinci suka ce a gina ko'ina amma kada a taɓa mangwaron da suke fakewa a ƙarƙashinsa. A ƙarshe aka tsaya a kan bakin ƙofar fita, ɗaki biyu da taga mai kallon hanya, a bar wa motoci faɗin da doguwar bas za ta wuce a sake. Injiniyan hukuma ya kawo zane, aka ba Baba aikin. Simintin da aka kawo kuwa daidai aikin ne, babu rarar da za ta cika ko kwano ɗaya. In ka ɓata, ka ɓata.

Ana gobe za mu fara aka aiko wa Baba cewa yayansa ya rasu a Lambata. Kwamitin hukuma kuma zai zo duba harsashi nan da kwana huɗu. Baba ya tsaya da jakarsa a hannu ya daɗe yana kallona, irin kallon da mutum ke yi wa tsani mai rauni in ba shi da wani. Sannan ya miƙo mini tef da igiya da zanen. Cokalin bai bayar ba, ya dai taɓa shi ya ce in ya dawo za mu gani.

Kafin ya kai bakin titi na riga na sa fensir a bayan kunne.

Yanzu sai ku san wani abu game da tashar nan. Ba a rubuta layi a takarda. Direba yakan zo da asuba ya ajiye dutse, ko tsohuwar taya, ko guntun bulo, ya riƙe masa wuri. A shekarar nan da motoci ke wuni a layin gidan mai, duwatsun ne ke bin layin lodi a madadinsu. Mota ta cika ta tashi, kowa ya tura dutsensa gaba. Kowane direba ya san nasa kamar yadda ya san ɗansa. Na san wannan al'ada sarai, har na sha yi musu dariya ina tambaya ko dutsen yana da lasisi. Filin da aka ba mu kuwa daidai inda layin motocin Wuse yake ne.

Da la'asar na share filin. Duk dutsen da na gani na kwashe na watsa a kwata. Na ɗauko turakun katako zan kafa a kusurwa, ƙasar ta ce ba ta san wannan ba. Shekara da shekaru taya na danne ta, baƙin mai na jiƙa ta, ta koma kamar bayan tukunya. Turke uku na karya, na huɗun ya yi tsalle ya bugi ƙaurina. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa manyan injiniyoyi: na ɗauko bulo huɗu na ajiye a kusurwa huɗu. Kuma ku ji da kyau, awon nan ya yi. Uku, huɗu, biyar. Gicciye da gicciye suka zo ɗaya ko gashi bai shiga tsakani ba. Na kwance igiyar don kada a sace ta, na tafi gida ina tafiya irin ta hedimasta.

Washegari na makara, domin na biya gidan wani abokina aron hular kwano irin ta ma'aikatan kamfani. Ta yi mini yawa, in na juya kai ita ba ta juyawa. Na tarar da leburorinmu biyu, Bulus da ɗan'uwansa, suna jira da diga. A karon farko a rayuwata ni ne mai ba da umarni, ga fasinjoji cike da tasha suna kallo. Wa zai tsuguna yana sake awo a gaban jama'a kamar wanda bai yarda da kansa ba? Na ɗaura igiya daga bulo zuwa bulo. Na lura ofishin ya ɗan ƙara fili ta gaba, na ce a raina haka aikin gwani yake, har faɗi yake ƙarawa.

Madam Ngozi mai shinkafa, wadda bencinta ke ƙarƙashin mangwaron, ta taso tana goge hannu a zani. Da Hausarta mai karya wuya ta ce, "Sabi'u, wannan bulo na gaba, jiya ba nan ya kwana ba."

Na gyara hulata na gaya mata cikin ladabi cewa ni ban taɓa zuwa na koya mata yawan gishirin miya ba. Ta dube ni, ta ce to, Oga Injiniya, ta koma wurin tukunyarta.

Muka haƙa, muka zuba kankare, rana ta uku muka fara jera bulo da cokalin da na aro a wurin wani birkila. A nan ginin ya fara yi mini magana. Duk kusurwar da na zo, bulo ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa, sai ya bar baki a buɗe. Na ɗora sukwaya, ta ƙi zama. Mai hankali da a nan ya tsaya ya ja tef. Ni sai na yanke hukunci cewa sukwayar Baba ta lanƙwashe, masu buga bulo kuma sun lalace a zamanin nan. Na dinga sare bulo ina cusa kwaɓi a ramukan, har na yi wa Bulus lacca a kan raguwar ingancin kaya a ƙasar nan. Layi uku muka tayar.

Ranar dubawa Baba ya sauka daga motar Lambata a cikin tashar, jaka a hannu. Tun daga nesa ya tsaya. Ya zo ya zagaya ginin sau ɗaya a hankali, ya karɓi tef a hannuna ya ba ni bakin in riƙe. Gicciyen farko. Gicciye na biyu. Bambancin da ke tsakaninsu, ɗan akuya zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. Kusurwar da ke kusa da ƙofa ta yi gaba wajen ƙafa huɗu, ta zuro cikin hanyar fita kamar hanci.

Kafin ya buɗe baki kwamiti ya iso: kansiloli biyu, injiniya, shugaban masu gadi, da sarkin tasha. Kamar an shirya, a daidai lokacin doguwar bas mai zuwa Anaca ta taso za ta fita. Ta zo bakin hancina ta tsaya. Ta ja baya, ta karkato, ta sake ja baya. Yaron motar ya sauko ya naɗe madubi yana buga jikinta yana ba da hannu, direban yana faɗin abubuwa da yarensu waɗanda ban nemi a fassara mini ba. Motocin baya suka haɗa ham har mangwaro ya zubar da ganye. Da ƙyar ta wuce, tsakaninta da bulona bai fi tafin hannu ba.

Injiniya ya buɗe zane ya duba, ya dubi gini, ya juya zanen ƙasa a sama ya sake dubawa. Ya tambaya wa ya yi awon. Kowa ya juyo ya dube ni. Ni ma na juya na dubi bayana, babu kowa sai bango, shi ma a karkace.

Na rantse musu awona daidai ne, sai dai in aljanu. A nan wani direban Wuse da ake kira Garba Ɗan Tafa ya matso yana sakace haƙori, ya tambaya wai bulon kusurwar nan ake magana.

"Ai ni na tura shi, ranka ya daɗe," ya ce wa sarkin tasha. "Na zo da asuba ban ga dutsena ba, sai na ga bulo sabo fil a wurinsa. Na ce Allah ya saka wa hukuma, har ta fara gyara mana layi. Mota ɗaya ta tashi, na matsa gaba. Daga baya aka ce layinmu ya koma can gefe, na bar shi nan." Ya juyo gare ni. "Kai, ina dutsena ma? Shekara biyu muna tare."

Madam Ngozi ta dai ɗaga murfin tukunya ta ɗanɗana gishirin miyarta tana kallona.

Kwamiti ya koma ƙarƙashin mangwaro ya zauna a bencinta, aka buɗe zama na huɗu. Ni ina tsaye a rana, hular kwano tana dafa mini ƙwaƙwalwa. Injiniya ya ce a rushe. Kansila ɗaya ya tambaye shi da wane siminti za a sake. Injiniya ya koma kallon zanensa. Sai shugaban masu gadi ya yi gyaran murya ya ce shi fa yana da magana: kwana biyun nan da hancin ya fito, babu motar da ta fita da gudu, kowace sai ta rarrafa ta gabansa, har ya ga fuskar kowane fasinja da abin da ke kan cinyarsa. Jiya ma a haka ya gane jakar wata mata a hannun wanda ba ita ba. Sarkin tasha ya ce shi ma tun da yake bai taɓa ganin direbobi sun fita ɗaya bayan ɗaya kamar masu hankali ba sai yanzu. Aka yi ta ja, aka ci shinkafa, aka yanke shawara: gini ya tsaya yadda yake, a mayar da tagar kan hancin, a ɗan matsar da ginshiƙin ƙofa saboda dogayen bas. Injiniya ya zaro biro yana huci, ya gyara zane ya bi gini.

Kansila har ya dafa kafaɗata. Nan take wuyana da ya ɓace shekara uku ya dawo. Na taka zuwa wurin Baba, na tsaya kusa da jakarsa yadda hannunsa ba zai sha wahalar miƙowa ba.

Na ce, "Baba, hukuma ta karɓa."

Ya ce, "Na ji. Ni ka ji na ce na karɓa?"

Ya ce shi ba zai ɗora bulo ko ɗaya a kan wannan abu ba, wanda ya haife shi ya raine shi. Haka na gina ofishin nan har sama. Gini mai karkatacciyar kusurwa, kowane layi sai ka sare bulo a karkace, kowane layi, har linta, har inda rufi zai zauna. Kullum da safe Baba ya ara mini cokalinsa, ya zauna a inuwa yana kallo, da yamma ya karɓa ya wanke ya goge ya mayar jaka a gabana. Kafintan da ya zo rufi ya auna sau biyu, ya zauna a ƙasa ya tambaya ko wani ya yi masa asiri ne. Teburin da aka kawo wa masu gadi har yau bai sami bangon da zai jingina da shi ba. Direbobi suka raɗa mini Injiniya Mai Hanci, in na ratsa tasha sai su riƙe duwatsunsu. Da aka gama, Baba ya ɗauko kwanon sarki ya sake kifa mini a ka. Ya ce har yanzu yana yi mini daidai.

Wata tara na ƙara a ƙarƙashin kwanon.

Watan jiya Madam Ngozi ta samu ɗan fili a Magajiya za ta gina ɗakin ajiye buhunan shinkafa, ɗaki ɗaya tal, ko katifar alhaji ba za ta shiga ba. Baba ya miƙo mini tef. Wannan karon guntayen rodi na samo, na buga su da guduma har ƙasa ta yi kuka. Na auna da yamma. Na auna da safe. Na sha koko na sake aunawa. Akuya ta wuce ta kusa da igiya, na sake. Madam ta ce in na ƙara jan tef ɗin nan sau ɗaya filin zai ƙare.

Baba ya zo da hantsi. Uku, huɗu, biyar, kusurwa huɗu. Gicciye, gicciye. Ya naɗe tef ya sa a jaka, ya ce zai je ya duba wani aiki, ya kama hanya. Sai da ya yi nisa na ga cokalinsa a kan bulo.

Ni kuma, gwanin fahimta, na ɗauka na bi shi da gudu ina kira, har na ci tuntuɓe da igiyar da nake ta gadi tun asuba. Na cim masa a bakin titi ina haki, na miƙa masa da hannu biyu na ce ya yi mantuwa.

Ya dubi cokalin, ya dube ni.

"Sabi'u," ya ce, "in na karɓa, ba zan sake mantawa ba."

Na ɓoye shi a bayana.

Saboda haka in kun je tasha ku tsaya ku kalli ofishin tsaron nan da kyau, ku gaida hancin, nawa ne. Duk sabon yaron da aka kawo wa Baba, can yake fara kai shi ya nuna masa kafin ya taɓa shebur. Yanzu ku sauka daga kan yashin nan, ku tsince ɓawon gyaɗarku. Kai mai jar riga, da ka fi kowa cewa gini ba komai ba ne, zo nan. Akwai wani kwano da ba shi da mai shi, kuma daga nan ina ganin zai yi maka daidai.